Bokitin da ya cinye maganin feshi: nazarin wani lamari daga gonakin Kura

A yankin Kura da Garun Malam da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanan Kadawa yana shayar da gonakin rani tun shekarun 1970, tumatir shi ne jarin gidaje da yawa. Da an gama dashe, sanyi ya fara sauka, raɓa kan kwana a kan ganye, cututtukan da ke ƙona ganye su samu ƙofa. Yawancin manoma maganin leda suke saya, wanda kamfani ya riga ya haɗa. Wani dattijo a ƙauyen da nake koyarwa ya ga kuɗin ledar ya yi masa yawa, sai ya bi shawarar wani ɗan'uwansa, ya shiga Kano ya sayo salfet ɗin jan ƙarfe tsuransa, shuɗin gishirin nan mai manyan ƙwayoyi, tare da farar hodar laim, wato farar ƙasa irin ta shafen bango, da nufin ya haɗa da hannunsa.

Haɗin da yake son yi ba sabo ba ne. Millardet, malamin ilimin tsirrai a jami'ar Bodo ta Faransa, shi ya bayyana shi a 1885 don maganin cutar ganyen inabi. Ma'auninsa ba wuya: kilo 1 na shuɗin gishiri, kilo 1 na laim, lita 100 na ruwa. Mai son cika injin feshi na goyo mai cin lita 20 giram 200 na kowanne yake bukata. Gishirin ba ya saurin narkewa a ruwan sanyi, don haka bayan magariba dattijon ya juye nasa giram 200 a farin bokitin ƙarfe da ake ɗibar ruwa da shi a gidan, ya zuba ruwa kamar lita 10, ya kife faifai a kai ya bar shi ya kwana.

Da gari ya waye shuɗin ya koɗe, ruwan ya koma fari-fari da ɗan kore. Cikin bokitin ya yi baƙi, wata laka ja-ja kuma ta kwanta a ƙasa. Ya dai daure ya haɗa da laim ya juye a tanki. Bai gama kunya biyu ba bakin feshin ya toshe. Ba a jima ba bokitin ya fara yoyo ta wasu ƙananan huji a gindi. Dattijon ya yanke hukuncinsa: jabu aka sayar masa, jabun ma mai guba, tunda har ƙarfe yake ci. Ya ƙulle ragowar ledar ya ajiye, yana jiran ranar da zai koma birni ya karɓo kuɗinsa.

'Yarsa tana ajina na SS2. Ita ta zo da ragowar gishirin da ɗan lakar a kwalba, ta ce, "Malam, Baba ya ce a nuna maka, ko kana da yadda za ka gane na gaske da jabu."

Abin da ya sa na ga lamarin ya cancanci a rubuta shi shi ne, a makon da ya gabata ajin ya gama darasin jerin kuzarin ƙarafa, wato jerin da ke nuna wane ƙarfe ke iya ture wani daga ruwan gishirinsa. Kowa a cikinsu zai iya rero jerin daga fotasiyam har zinariya ba tare da ya yi tuntuɓe ba, don WAEC da NECO ba sa barin tambayar. Na ɗora kwalbar a tebur na ba da labarin bokitin, na tambaya me ya faru. Yara sama da hamsin, babu wanda ya danganta labarin da abin da ya haddace. Har 'yar mai bokitin.

Jabu ne ko na gaske?

Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji da za a kira ɗakin gwaji. Kabad ɗaya ne a ofishin malamai, da 'yan kwalabe da ma'aunin zafi guda. Gorunan roba da muka yanke rabi su suka zama mazubanmu. A gora biyu muka narkar da cokali ɗai-ɗai na gishirin Baba. Ɗaya muka bar ta haka, ɗaya muka jefa mata guntun kwanon rufi da aka yanko da almakashi, domin bokitin da kwanon abu ɗaya ne: baƙin ƙarfe da aka lulluɓe da tutiya. Washegari ta farkon tana nan da shuɗinta kamar yanzu aka dama. Ta biyun ta koɗe, guntun kwanon ya yi baƙi, laka ta taru a ƙasa.

Mai shago ya fita ke nan. Hasali ma ɓarnar da aka yi wa bokitin ita ce shaidar kayan na gaske ne. Da gishirin miya aka rina da bula aka sayar wa Baba, da bokitinsa na nan lafiya lau, da ruwan ma bai sauya launi ba.

Sai lakar. Ajin duka suka ce tsatsa ce, kuma ba za a ga laifinsu ba, launin ya yi kama. Muka wanke ta muka shanya. Rabi muka zuba a kan fasasshen tayil, wani yaro ya danne da bayan cokali ya murza da ƙarfi. Inda ya murza sai ga sheƙi ja, irin na wayar wuta da aka feƙe. Ɗaya rabin na zuba masa ruwan batirin mota da na sirka da ruwa mai yawa, da hannuna, ban bar yaro ya taɓa ba. Ya ɗan yi kumfa, ɓurɓushin tutiyar da ya faɗo daga jikin kwanon ne ke narkewa, daga nan ya lafa, jan garin yana kwance abinsa. A gefe muka kankaro tsatsa ta gaske daga tsohuwar fartanya muka yi mata haka. A hankali ta narke, ruwan ya yi rawaya-rawaya. Jan ƙarfe yana ƙasa da haidirojin a jeri, sirkakken asid irin wannan ba ya cin sa. Lakar dai jan ƙarfe ce tsantsa, wato maganin da Baba ya sayo da kuɗinsa, ya fita daga ruwa ya kwanta a gindin bokiti.

Yadda abin yake kuwa, jan ƙarfen da ke cikin shuɗin ruwa ba cikakken ƙarfe ba ne. Kowace ƙwayar zarrarsa ta rasa ilektiron biyu, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, rashinsu ne ya sa take yawo a ruwa, kuma ita ke ba ruwan launinsa. Tutiya ta fi jan ƙarfe saurin sakin nata ilektiron. Da suka haɗu a jikin bokiti, tutiya ta miƙa biyu, jan ƙarfe ya karɓa ya koma ƙarfe ya faɗo, ita kuma ta narke ta maye gurbinsa a ruwa:

Zn + CuSO₄ → ZnSO₄ + Cu

Salfet ɗin tutiya ba shi da launi, shi ya sa shuɗin ya tafi. Amma ruwan Baba da ɗan kore ya wayi gari, kuma tutiya ba ta kawo kore. A nan lissafi ya yi mana rana. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin shuɗin gishiri jan ƙarfe ne, don haka giram 200 na ɗauke da kimanin giram 51. Nauyin zarrar jan ƙarfe 63.5 ne, na tutiya 65.4, ɗaya kuma ɗaya take turewa, saboda haka giram 51 na jan ƙarfe sai sun ci kimanin giram 52 na tutiya kafin su gama fita. Muka auna bokitin da tef: inda lita 10 ke taɓawa, bango da gindi, bai wuce kashi biyu cikin goma na murabba'in mita ba. In aka ɗauka kaurin tutiyarsa maikiron 20 ne, wato kashi ɗaya cikin hamsin na milimita, kamar na kwanon rufi mai kyau, duk tutiyar da ruwan ya samu ba ta kai giram 30 ba. Ta ƙare tun aikin bai ƙare ba. Ragowar jan ƙarfen ya juya kan baƙin ƙarfen da ke ƙarƙashi, wanda shi ma ya fi shi kuzari:

Fe + CuSO₄ → FeSO₄ + Cu

Salfet ɗin baƙin ƙarfe kore-kore ne. Ga koren, ga kuma mafarin hujin. Jan ƙarfen da ya manne a jikin ƙarfen ma bai bar shi ya huta ba bayan an zubar da ruwan, domin duk inda ƙarafan nan biyu suka haɗu cikin danshi, baƙin ƙarfe ne ke ci gaba da zaizayewa.

Jera ƙarafan da hannu

Tunda tambaya ta samu, na ga gara ajin su gina jerin da kansu maimakon wanda suka haddace. Ƙarafa huɗu muka fara da su. Jan ƙarfe daga wayar wuta. Baƙin ƙarfe, ƙusa. Tutiya daga kwankon tsohon batirin tocila, na arhar nan, wanda na fasa na wanke da kaina. Maganiziyam kuma ɗan zirin da ya rage a kabad, ya yi toka-toka don daɗewa. Littafi ya sa dalma a cikin gwajin, ni kuwa na cire ta. Bayan abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ba zan sa ɗalibi ya goge dalma da samfefa a ajin da babu famfon wanke hannu ba. Ko da an sa ta ma ruɗa su za ta yi, don salfet ɗin dalma ba ya narkewa, lulluɓe ƙarfen yake yi aikin ya tsaya.

Ruwan gwajin huɗu ne su ma. Shuɗin muna da shi. Salfet ɗin maganiziyam shi ne gishirin Efsom da ake samu a kemis. Sauran biyun daga shuɗin muka yi su: a gora ɗaya muka cika ƙusoshi, a ɗaya tutiya, muka bar su har shuɗin ya ɓace ƙurmus, muka tace da tsumma. Kowace ƙungiya ta jera murafan gora goma sha shida a kan benci, huɗu-huɗu, ta zana gidaje goma sha shida a takarda. Kowane ƙarfe a goge shi da samfefa, a sa shi a kowane ruwa, a rubuta abin da ido ya gani bayan minti goma.

Layin shuɗin ruwa bai ba kowa wahala ba. Maganiziyam na shiga ya hau kumfa, ya yi duhu, murfin ya yi ɗumi. Tutiya ta yi baƙi nan take, baƙin na komawa ja-ja in ya yi kauri. Ƙusa ta fi kowa kyan gani, cikin minti ɗaya ko biyu ta yi ja kamar an shafa mata fenti. Layin jan ƙarfe shi ma babu gardama, wayar ta shiga ruwa huɗu ta fito yadda take.

Sauran gidajen ne suka kawo rigima, kuma rigimar ta fi sakamakon amfani. Wata ƙungiya ta ba da rahoton cewa ƙusa da tutiya kuzarinsu ɗaya, don tasu ƙusar baƙi ta yi ba ja ba. Da muka duba, ƙusar kwano ce yaron ya kwaso daga gida, wadda ita ma lulluɓe take da tutiya. Tutiya suka gwada sau biyu ba su sani ba. Wata ƙungiyar ƙusarsu ta ƙi yin ja sai dabbare-dabbare, sabuwa ce da maiƙon kamfani a jiki, gugar kuma ta ganin ido suka yi mata. Wasu suka bar ƙusa ta kwana a ruwan tutiya, da safe suka ga ja-ja a inda ta leƙo iska, suka rubuta cewa baƙin ƙarfe ya ture tutiya. Tsatsa ce kawai, aikin iska da ruwa, wadda ko a ruwan rijiya za ta fito. Mun tabbatar da haka da ƙusa a ruwa zalla a gefe, kuma tun daga ranar kowace ƙungiya ta san amfanin murfi na goma sha bakwai, wanda ba a sa masa komai sai ruwa.

Kumfar maganiziyam ma ta so ta ɓatar da su. Da yawa suka ɗauka kumfa ita ce alamar turewa. Haidirojin ce, tana fitowa ne don ruwan gishirin nan suna da ɗan tsami, maganiziyam kuwa ko ɗan tsami kaɗan bai bari. Alamar turewa ita ce sabon ƙarfe ya kwanta a jikin tsoho, ko launin ruwa ya sauya. Gida mafi wuya shi ne tutiya a ruwan baƙin ƙarfe. Toka-toka ne ke kwanciya a kan toka-toka, a hankali. Rabin ajin suka ce sun gani, rabi suka ce babu komai. Sai da muka bar shi ya jima, muka kankaro baƙin da ya taru muka kusanto da maganaɗisun tsohuwar lasifika, garin ya yi tsalle ya manne. Tutiya ba ta bin maganaɗisu.

Da aka tsabtace takardun, ƙirga ta rage. Maganiziyam ya ture uku, tutiya biyu, baƙin ƙarfe ɗaya, jan ƙarfe bai ture kowa ba. Jerin da suka haddace ya fito daga murafan gora.

Alminiyam

Da a nan muka tsaya, da yaran sun tafi da cewa duk abin da ya fi saurin aiki a ido shi ya fi kuzari. 'Yar mai bokitin ce ta hana. Ta ce innarta ta ce tunda bokitin ƙarfe bai yi ba, a riƙa jiƙa maganin a tsohuwar tukunyar alminiyam da aka daina girki da ita. Ya halatta ko bai halatta ba?

Jeri ya ce a'a da babbar murya, alminiyam yana sama da tutiya, tsakaninta da maganiziyam. Muka feƙe wayar alminiyam daga tsohuwar kebul, muka goge muka tsoma a shuɗin ruwa. Minti goma, shiru. Rabin awa, 'yan ɗige-ɗige ja da sai an ƙura ido. Ƙusar da ke gefensa ta daɗe da yin ja. Wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kai ka ce gani ya kori ji. Mun gani. Littafin ne ya yi kuskure, alminiyam na ƙasa da baƙin ƙarfe." A kan abin da ke gabansa, yaron bai faɗi ƙarya ba, kuma na fi son wannan amsar da ta mai rero jeri.

Na aika aka karɓo gishirin miya wajen mai abincin makaranta, na barbaɗa ɗan kaɗan a gorar. Kafin minti ɗaya ya cika wayar ta fara tsirar da jan ƙarfe ɓuzu-ɓuzu, kumfa na tashi, shuɗin na janyewa. Yaron da ya yi maganar na sa ya riƙe gorar, ya ce ta yi zafi. Da muka zaro wayar ta sirance, ta yi rami-rami.

Alminiyam saboda tsananin kuzarinsa ne ma yake kama da malalaci. Yana haɗuwa da iska yake yin wata fata ta oksaid a jikinsa, kaurinta nanomita kaɗan, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Fatar ba ta barin ruwa ya kai ga ƙarfen. Ka goge da samfefa, kafin ka kai hannu gora wata ta fito. Kulorayid ɗin da ke cikin gishirin miya shi ke huda ta, da ta huje kuwa sai ainihin halin ƙarfen ya bayyana. Wata yarinya ta ce ashe ɗan dambe ne aka kulle a ɗaki, gishiri ya buɗe masa ƙofa.

Wannan ne wurin da na fi daɗewa a kai da su, domin shi ne inda gwajin turewa ke da iyaka. Tambaya biyu ce ake cakuɗawa. Ta farko: wa ke iya ture wa? Wannan ita jerin ke amsawa, kuma ba ta sauyawa. Ta biyu: da wane sauri? Wannan ta dogara da fatar da ke jikin ƙarfe, da maiƙo, da ko gari ne ko dunƙule, da kaurin ruwan, da zafin gari. Garin baƙin ƙarfe zai riga dunƙulen tutiya cinye shuɗi, bai kuma sa ya hau samanta ba. Littattafan da ke cewa a jera ƙarafa bisa yawan kumfa ko saurin sauya launi suna koya wa yara hanyar da za ta yi daidai sau uku ta yaudare su a na huɗu.

Don su ga ma'aunin da bai dogara da ido ba, na aro mitar awon lantarki wajen mai gyaran waya a bakin kasuwa. Wayar jan ƙarfe a gorar shuɗin ruwa, tutiya a gorar ruwanta, muka haɗa gorunan da zirin tsumma da aka jiƙa da ruwan gishiri, muka maƙala mita. Ta tsaya a kusa da bolt 1.1. Wannan shi ne batirin da Daniyel ya ƙirƙira a Landan a 1836, kuma lambar ta dace da littafi, inda kowane ƙarfe ke da tasa lambar bolt: tutiya −0.76, jan ƙarfe +0.34, tazararsu 1.10. Baƙin ƙarfe, mai −0.44, ya ba da ƙasa da haka. Maganiziyam, mai −2.37, ya ba da sama da haka, ko da yake bai kai abin da lissafi ya ce ba. Alminiyam a ruwan alimun ya kamata ya ba da bolt 2, tunda −1.66 gare shi, amma ko tutiya bai kamo ba. Fatar tasa har mita take ruɗawa. Abin da mitar ta ƙara musu shi ne turewar da suka gani a murfin gora tafiyar ilektiron ce da gaske, tunda ga su an bi da su ta waya.

Daga nan sauran hira ta zo da kanta. Me ya sa masu haƙar zinariya ke samunta a matsayin zinariya, amma maƙeran da suka zauna gindin Dala sai da suka narka tama da gawayi kafin su ga baƙin ƙarfe? Zinariya na can ƙasan jeri, da wuya take haɗuwa da wani abu. Gawayi kuwa ture baƙin ƙarfe yake daga tama, irin turewar da muke magana. Alminiyam ya fi ƙarfin gawayin maƙera, shi ya sa bai zama ƙarfen tukunya ba sai bayan 1886, da Hall a Amurka da Héroult a Faransa suka gano yadda ake fitar da shi da lantarki. Abin da ya faru a bokitin Baba ma sana'a ce a wani wuri: a ƙasar Sin, zamanin daular Song, ana zuba baƙin ƙarfe a shuɗin ruwan da ke fitowa daga ramukan haƙar ma'adinai a kwashe jan ƙarfe. Na kuma bar musu aikin gida, su karce guntun kwanon rufi da gwangwanin tumatir da ƙusa, su ajiye a danshi. Tutiya na sama da baƙin ƙarfe, ita ke zaizayewa ta kāre shi ko an karce. Kuzar da ke jikin gwangwani na ƙasa da shi, da an karce tsatsa ke kama wurin.

A gona

Ranar da babu makaranta na je gonar tare da malamin aikin gona. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, kayanka na gaske ne. Bokitin ne ya shanye maganin." Bai ce komai ba sai da 'yarsa ta tsoma ƙusa a shuɗin ruwa a gabansa ta zaro ta ja. Ya juya ƙusar a hannu ya ce, "To, Malam, ashe saura ƙiris in ɗauki alhakin bawan Allah."

Muka sake haɗi a robobi biyu. Shuɗin gishiri a ɗaya, laim a ɗaya, kowanne da rabin ruwan, sannan aka riƙa tsiyaya shuɗin cikin laim ana juyawa da sanda, aka tace. Laim yana kama jan ƙarfen ya mai da shi ƙananan ƙwayoyi da ba sa narkewa, su manne a ganye suna sakin magani kaɗan-kaɗan. In laim ya gaza, sauran jan ƙarfen da ke yawo a ruwa ƙona ganyen tumatir yake yi. Hanyar ganewa da manoma suka daɗe suna bi a ƙasashen da ake wannan haɗi ita ce a goge wuƙa ta yi fes, a tsoma ta minti ɗaya ko biyu. In ta fito da ja a jiki, a ƙara laim. In ta fito yadda take, haɗi ya yi, kuma a fesa a ranar, ba ya kwana. Tsomawar farko wuƙar Baba ta ɗan yi ja, laim ɗin nasa ya sha iska a buɗaɗɗiyar leda ya rage ƙarfi. Aka ƙara har wuƙar ta fito fes.

Malamin aikin gona ya ja masa kunne a kan abu biyu. Haɗin riga-kafi ne na cututtukan ganye, ba ya warkar da ganyen da ya riga ya ƙone, kuma ba ya kashe tsutsar nan da ta yi wa tumatir ɗin Kano kaca-kaca a 2016, ita ƙwaro ce, maganinta daban. Na biyu, kada a wanke tanki a magudanar ruwa, jan ƙarfe na kashe kifi, tumaki ma ba sa jure shi, don haka tsohon bokitin ko an like shi ba na shayar da dabba ba ne.

Maganar tukunyar Inna, amsar da 'yarta ta kai mata ita ce a'a. Ruwan rijiya ba ya rasa ɗan gishiri a ciki, taki irin na fotash kuma kulorayid ne, ɓurɓushinsa kaɗan a cokali ko a hannu ya isa ya huda fatar, daga nan tukunya ta bi bokiti. Ragowar shuɗin ruwan da muka yi gwaji da shi a makaranta muka tara a jarkar roba, muka cika ta da tsofaffin ƙusoshi, muka bar ta a buɗe a bayan kabad har shuɗin ya ɓace. Jan garin muka tace muka adana a kwalba don ajin baɗi, ruwan kuma muka zuba masa laim, aka haƙa rami nesa da rijiya aka binne.